Basir, Sanyi da Amosani: Me Manomin Tsanyawa Yake Faɗa wa Likita Game da Cikinsa da Gaɓɓansa?

Gabatarwa

A cikin sunayen da Bahaushe yake kiran cuta da su, da wuya a sami wanda aka jibga wa kaya kamar basir. A bakin mai tallar magani a kasuwar ƙauye, basir ne yake kawo kumburin ciki da murɗa da bayan gida mai jini, shi ne kuma yake kawo ciwon baya da riƙewar ƙugu da kasala da ciwon gaɓɓai. Ma'aikacin asibiti idan ya ji wannan jeri yakan yi murmushi, domin a karatunsa basir jijiyoyin jini ne da suka kumbura a dubura, ba su da hanyar da za su bi su kai gwiwa. Ta fuskar abin da ya karanta yana da gaskiya. Ra'ayin da wannan maƙala take son ta kare shi ne, a ƙarƙashin wannan tarin da Bahaushe ya yi akwai wata lura ta gaskiya, wato lalacewar ciki mai daɗewa da ciwon gaɓɓai sukan zo tare a jikin wasu mutane, kuma likitancin zamani ya tabbatar da hakan. Sai dai kalmar ta yi faɗin da ba za ta iya ceton majinyaci ba. Tantance ta, tare da 'yan uwanta sanyi da amosani, aiki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa, kuma jinkirinsa yana cutar da mutane a wurare irin su Tsanyawa.

Tsanyawa da Ciwon Jiki

Ƙaramar Hukumar Tsanyawa tana arewa maso yammacin Jihar Kano, a kan hanyar Katsina bayan an wuce Bichi, tazarar fiye da kilomita 60 daga birnin Kano. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 157,680. Tana cikin irin ƙasar noman nan mai cunkoson jama'a wadda Michael Mortimore ya yi nazarinta a kewayen Kano tun shekarun 1960, inda gona take jingine da gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Gero da dawa da gyaɗa da wake su ne ƙashin bayan noman, fartanya da garma da lauje kuwa su ne kayan aikin. Namiji yakan wuni a sunkuye daga shuka zuwa girbi. Mace tana daka, tana surfe, tana jan guga, ga goyo a baya.

A irin wannan rayuwa ciwon baya da na gwiwa ba baƙo ba ne, kuma mafi yawansa ba ruwansa da hanji. Gajiyar noma ce, ko tsufan ƙashi, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila. Wannan yawa shi ne tushen matsalar. Idan mutum ɗari suka zo wurin ma'aikacin lafiya da kukan ciwon baya, aka saba ganin cewa aiki ne ya jawo, to ɗan ƙalilan ɗin da ciwonsu daga ciki ya taso sai su ɓace a cikin taron. Ba na'urar leƙa hanji sai an dangana da manyan asibitocin birni irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Abin da ma'aikacin lafiya na karkara ya mallaka don rarrabe wannan da wancan shi ne tambaya da sauraro. Ke nan harshe shi ne na'urar gwajinsa ta farko, sau da yawa ma ita kaɗai ce.

Abin da Likitanci ya Tabbatar

Hanyoyin da ciwon hanji yake bi ya isa gaɓɓai sanannu ne, kuma ya kamata mai nazarin kalmomin cuta ya san su kafin ya shiga fili.

Hanya ta farko ita ce ta cututtukan da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi hanjin mai ita. Manyan su biyu ne. Ɗaya takan yi wa babban hanji gyambo, Samuel Wilks ya bayyana ta a Landan a 1859. Ɗayar ita ce cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana a Amurka a 1932, ita kuwa tana iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura. Alamominsu su ne zawo na makonni ko watanni, sau da yawa da jini da majina, da murɗar ciki da rama, su lafa su sake tashi. A cikin illolin da suke yi a wajen hanji, ciwon gaɓɓai ne ya fi yawa. Wani nazari da Orchard da Wordsworth da Jewell suka buga daga Oxford ta Ingila a 1998 ya kasa shi gida biyu. Akwai mai kama manyan gaɓɓai ƙasa da biyar, kamar gwiwa da idon sawu, wanda yake tashi tare da tashin cikin ya kuma kwanta cikin 'yan makonni. Akwai mai kama ƙananan gaɓɓai biyar ko fiye, kamar na yatsu, wanda yake daɗewa ba tare da la'akari da halin da cikin yake ba. Bayan waɗannan akwai mai kama ƙashin baya da mahaɗar ƙugu. Wani lokaci gaɓar ce take fara ciwo kafin cikin ya nuna alama. Likitocin Ghent ta Beljiyam, Mielants da Veys, sun leƙa hanjin masu irin wannan ciwon ƙashin baya a shekarun 1980, suka tarar fiye da rabinsu suna da ɓoyayyen rauni a hanji ko da ba su yi kukan ciki ba. Tarihin magani ma ya ba da shaida. Nanna Svartz ta ƙasar Suwidin ta haɗa sulfasalazin domin ciwon gaɓɓai, sai ga shi a farkon shekarun 1940 yana kwantar da gyambon babban hanji, har yau kuma ana ba da shi a ɓangarorin biyu.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan cututtuka a matsayin na Turawa. Wani babban bita da mujallar Lancet ta buga a 2017 ya nuna suna ƙaruwa a ƙasashen Asiya da Kudancin Amurka da Afirka da suke sauya salon rayuwa da cima. A Nijeriya rahotannin da ake samu daga asibitocin koyarwa suke fitowa, inda kayan gwajin suke. Cutar da ba a da abin gano ta a ƙauye ba za ta shiga lissafin ƙauye ba, ko da tana nan.

Hanya ta biyu ta fi kusa da Tsanyawa. Bayan mutum ya yi atuni ko zawo na ƙwayoyin cuta irin su shigela da salmonela da kamfilobakta, gwiwa ko idon sawu ko dunduniya tana iya kumbura bayan mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci tare da jan ido da zafin fitsari. Likitocin Faransa da na Jamus sun bayyana wannan a jikin sojoji a 1916. A lokacin da gaɓar ta kumbura zawon ya wuce, mai shi ya manta, ba kuma wanda ya tambaye shi. A inda ake shan ruwan rijiya da na kududdufi, atuni kuma yake yawaita da damina, wannan tambaya ce da bai kamata a tsallake ta ba.

Hanya ta uku ita ce ta asara. Zawo mai daɗewa yakan kwashe fotasiyam da magniziyam, tsoka ta riƙa ɗaurewa. Zubar jini kaɗan-kaɗan yakan jawo ƙarancin jini da kasala. Hanjin da ya yi rauni ba ya tsotsar kalsiyam da bitamin D yadda ya kamata, ƙashi ya yi laushi, cinya da ƙugu su yi nauyi, tashi daga tsuguno ya zama aiki. Abin da Bahaushe yake kira mutuwar jiki yana iya zama wannan.

Madara, Nono da Alkama

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba kowane abinci ne yake karɓar kowa ba. Yakan ce cikina ba ya ɗaukar madara, ko wake yana tayar mini da basir, ko zaƙi da maiƙo ne suka kwantar da wane. A nan ma akwai gaskiya, akwai kuma ƙari.

A 1971 Norman Kretchmer da Olikoye Ransome-Kuti da abokan aikinsu suka buga sakamakon gwajin narkar da sukarin madara a tsakanin al'ummun Nijeriya. Kusan dukkan manyan Yarabawa da Ibo da aka auna ba sa narkar da shi. Mafi yawan Fulani makiyaya suna narkarwa. Hausawa da Fulanin gida suka faɗa tsakani, amma masu kasawa sun fi yawa a cikinsu. Wanda ba ya narkar da wannan sukari, idan ya sha ɗanyar madara ko ta gari da yawa, cikinsa zai kumbura, ya yi ƙugi, ya saki. Nono da kindirmo sun fi sauƙi a gare shi, domin tsamin da suka yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Wato fura da nono, abincin ranar manomi, dabara ce da ta dace da cikin da yake shan ta. Abin lura shi ne rashin narkar da madara damuwa ce ta ciki, ba a tabbatar da cewa yana kumbura gaɓa ba. Mai hana majinyaci nono domin gwiwarsa tana ciwo ya raba shi da ɗaya daga cikin 'yan hanyoyin da yake samun kalsiyam, a ƙasar da binciken Tom Thacher da abokan aikinsa a Jos, wanda aka buga a 1999, ya nuna ƙarancin kalsiyam a abinci yana lanƙwasa ƙafafun yara. Inda nono yake da laifi a ciwon gaɓɓai shi ne idan ba a dafa madarar ba, saniyar kuma tana ɗauke da cutar burusela, wadda take sa shanu ɓari, ta sa mutum zazzaɓi mai kai da komo da gumin dare da ciwon baya da ƙugu. Maganin wannan dafa madara ne da zuwa asibiti.

Alkama kuwa hukuncinta daban. Akwai mutanen da sinadarin gulutin da yake cikinta yake sa garkuwar jikinsu ta lalata bangon ƙaramin hanji. Likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya tabbatar da alaƙar wannan cuta da alkama a 1950. Takan zo da zawo da rama da ƙarancin jini da ciwon ƙashi da gaɓɓai, barin alkama gaba ɗaya kuma shi ne maganinta. Ba cutar Turai kaɗai ba ce, domin wani gwaji da aka buga a 1999 ya same ta a jikin fiye da kashi 5 cikin ɗari na yaran Sahrawi na Yammacin Sahara. Ƙasar Hausa ta san alkama tun da daɗewa, ga gurasa da alkaki da taliya da finkaso, amma a ƙauye abincin marmari ce da ta biki. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da gulutin. Yau burodi da taliyar leda da fulawa sun shiga teburin mai shayi da tukunyar gida a kowane gari. Wanda kakansa ya rayu a kan tuwon dawa bai taɓa sanin yana da wannan rauni ba, jikansa mai karyawa da burodi kullum yana iya gamuwa da shi. Kalmomin da mutane suke bayyana wannan sauyin cima da su, da abin da suke cewa ya yi wa cikinsu, fage ne na nazarin al'ada da yake jiran ma'aikata.

Kalmomi Uku

Basir aro ne daga Larabci, kuma a can babbar ma'anarsa ita ce ciwon dubura. A wannan ma'ana Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risala a kan magungunansa. A bakin jama'a kuwa kalmar ta yi rassa, har ana cewa basir mai tsiro da mai jini da na ciki, ana kuma jingina masa ciwon baya da raunin mazakuta. Mai gyambon babban hanji da gwiwarsa ta kumbura, idan ya ce basir ne ya sauka masa a ƙafa, ya faɗi labarin cutarsa daidai gwargwadon kalmomin da yake da su. Idan aka fassara maganarsa da ƙunƙuntacciyar ma'anar littafin likita, aka ba shi man shafawa da shawarar cin ganye, an saurari kalmar an bar mutumin. Mafi muni, sankarar hanji ma da jini a bayan gida take farawa, kuma sunan basir yakan zame mata mayafi har lokaci ya ƙure.

Sanyi ma haka yake. Ana cewa sanyin ƙashi ko sanyi ya kama gaɓɓai, ana kuma cewa ciwon sanyi ga cutar da ake ɗauka ta saduwa, da sanyin mata ga kusan duk wani ƙaiƙayi ko ruwa da yake fita daga gaba. Mai fassara yakan ɗauki waɗannan a matsayin ma'anoni biyu da suka yi karo a kalma ɗaya. Amma likitanci ya san cewa irin kumburin gaɓar da yake biyo bayan atuni yana biyo bayan cutar kilamidiya ta mafitsara. Wannan bai isa hujjar cewa daga nan kalmar ta samo ma'anoninta biyu ba. Ya dai isa dalilin a tambayi masu harshen yadda suke ganin dangantakar.

Amosani kuwa ya ratsa jiki duka, akwai na gaɓɓai, da na jini wanda ake kiran sikila da shi, da na ido, da na kai. Me ya haɗa waɗannan a tunanin Bahaushe? Naci ne, ko tashi da kwanciya, ko gado? Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana mana kalmomi, amma aikin ƙamus na gama-gari bai kai ga bin kowace kalmar cuta zuwa jikin majinyata ba.

Ta ɓangaren fassara zuwa Hausa ma akwai gyara. Kalmar kumburi ita ake ba wa cikin da iska ta cika, ita ake ba wa ƙafar da ruwa ya taru a cikinta, ita kuma masu fassarar shirye-shiryen lafiya suke ba wa raunin da garkuwar jiki take yi wa tsoka, mai zuwa da zafi da ja da raɗaɗi. Idan aka ce wa mai sauraron rediyo cutar kumburin hanji, abin da zai fahimta shi ne kumburin ciki na bayan cin wake, sai duk mai gyatsa ya ɗauka yana da ita, mai ita na gaskiya kuma ya ɗauka ba da shi ake ba. Gyambon hanji mai naci ya fi kusa da abin da ake nufi, tunda jama'a sun riga sun san gyambon ciki. Ko wannan ma shawara ce da sai an gwada ta a kunnen mutane kafin a tsayar.

Inda Cutarwar Take

Wani zai ga kamar wannan muhawara ce ta masu ƙamus. A kemis ake ganin sakamakonta. Mai ciwon baya ko gwiwa yakan sayi diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, sau da yawa a cikin haɗin ƙwayoyi da aka ƙulle a leda ba suna. Waɗannan magunguna suna kashe raɗaɗi, amma suna iya tayar da gyambon hanji da ya kwanta, su huda tumbi, su raunana ƙoda, musamman ga wanda zawo ya riga ya ƙafar da ruwan jikinsa. Wato mutumin da ciwon gaɓarsa daga hanji ya taso shi ne wanda maganin gaɓa na kemis ya fi yi wa illa. A cikin haɗin kuma akan jefa dekzametason ko firedinisolon. Su kan ba da sauƙi nan take a ciki da gaɓa duka, mai sha ya ga ya dace, ya ci gaba wata da watanni, har su narkar da tsokar cinya, su rage ƙarfin ƙashi, su kashe kan ƙashin ƙugu. Idan kuwa abin da yake damun hanjin amiba ce ko tarin fuka na hanji, waɗanda suke kama da gyambon hanji mai naci ƙwarai, to waɗannan ƙwayoyi suna iya kai mutum kabari, domin sukan kwance wa garkuwar jiki ɗamara.

Kunya tana ƙara wa abin nauyi. Ciwon gwiwa ana faɗarsa a gaban kowa. Jini a bayan gida kuwa dattijo ba zai ambata a gaban ɗansa da ya rako shi ba, matar aure ba za ta faɗa wa saurayin ma'aikaci ba. Za a ce ciki ya ɓaci, ko ana yawan zagayawa, ko a yi shiru. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma sai mai tambaya ya san yadda zai buɗe ƙofar. Akwai bambanci tsakanin a jefa wa dattijo tambaya tsirara da a sallami ɗan rakiya tukuna a ce, “Baba, a gafarce ni, in kun kewaya kukan ga wani abu da ba ku saba gani ba?” Haka nan ciwon bayan da yake daga garkuwar jiki yana da alamomin da tambaya kaɗai take fitarwa. Yakan fara kafin shekara 45, ya wuce wata 3, ya tashi mutum a ƙarshen dare, bayan ya ƙage fiye da rabin awa da safe, ya kuma saki idan an motsa. Na gajiyar noma aiki ne yake ƙara shi, hutu ya rage shi. Ma'aikacin da ya iya cewa, “Malam, ruku'un asuba ne ya fi yi maka wuya ko na la'asar? In ka kama fartanya bayan yakan sake ko ƙaruwa yake?” ya yi gwajin da ba ya bukatar wutar lantarki. Tsara irin waɗannan tambayoyi cikin Hausar da ta dace da shekaru da jinsi da matsayin wanda ake tambaya ƙwarewa ce ta masanin harshe da al'ada.

Hanzarin Masu Ja

Za a ce wannan hurumin likitoci ne. Gano cuta da rubuta magani nasu ne, ba mai ja. Amma likita da Ingilishi aka horar da shi, Hausar da yake yi da majinyaci ta gida ce da ta titi, ba wanda ya koya masa cewa basir a bakin manomin Tsanyawa ya fi na littafinsa faɗi. Masanin Hausa kuwa bai san wace alama ce take da haɗari ba. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da ake bukata.

Za a kuma ce cututtukan nan ba su da yawa, ga zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wurin haihuwa suna jira. Haka ne, kuma ba a ce a karkatar da kuɗin waɗancan zuwa nan ba. Tambayoyin da za su tsamo mai gyambon hanji su ne dai za su tsamo mai sankarar hanji da mai tarin fuka na hanji da mai burusela, su kuma hana a ɗura wa mai zawo diklofenak. Kuɗinsu bai wuce na takarda da horo ba.

Hanzari na uku daga cikin gida yake, kuma ya fi nauyi. Akwai haɗarin manazarci ya ga dacewar da ke tsakanin basir da binciken zamani ya yi shelar cewa kakanninmu sun riga Turawa sani, ya miƙa wa mai lasifika sabuwar hujjar sayar da garinsa. Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi, ya yi gargaɗi tun 1981 cewa mai bincike yakan ƙaga wa maganin gargajiya tsari mai kyan gani wanda masu shi ba su san da shi ba, ba su kuma damu da su sani ba. Lura da cewa abu biyu suna zuwa tare daban, sanin dalili da magani daban. Kalmar da ta rungumi cuta ashirin dole wata rana ta dace da ɗaya. Abin da ake nema shi ne a rubuta abin da mutane suke faɗa yadda suka faɗe shi, sannan a auna shi da abin da gwaji ya nuna, a karɓi sakamakon ko da bai yi wa al'ada daɗi ba.

Abin da Ya Kamata a Yi

Tubalin aikin yana nan. Littafin Lewis Wall na 1988 ya bayyana yadda Hausawan karkarar Katsina suke kallon jiki da cuta. Nina Etkin da Paul Ross sun nuna tun 1982, daga aikinsu a karkarar Kano, cewa iyakar da ke tsakanin abinci da magani a wurin Bahaushe siririya ce. A cikin gida Aliyu Muhammad Bunza ya yi aiki a kan rubutattun magungunan malaman tsibbu, Yakubu Aliyu Gobir a kan iskoki da cututtuka, Bashir Aliyu Sallau a kan wanzanci. Nazarinmu ya fi karkata ga mai ba da magani da asirinsa. Lokaci ya yi da za a juya ga majinyaci da kalmominsa.

Ɗalibin digiri na biyu ko na uku zai iya ɗaukar Tsanyawa, ya zauna da manoma da matan gida da masu tallar nono da ungozomomi da wanzamai da masu kemis a garuruwa irin su 'Yankamaye da Dumbulum da Kabagiwa, ya naɗi yadda kowa yake bayyana ciwon ciki da na gaɓa, da abincin da yake zargi, da wanda yake ƙaurace wa. Maganar masu tallar magani ita kanta nau'i ce ta adabin baka mai jeri da kirari da barkwanci, ta cancanci a naɗe ta a ƙirga alamomin da take jingina wa kowace cuta. Mataki na biyu sai da likita, inda za a bi waɗanda suka zo asibiti da kukan basir ko sanyi, da yardarsu, a ga abin da gwaji ya gano a jikinsu. A nan sassan Hausa na jami'o'inmu da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero suna da abokan aiki a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato. Abin da zai fito bai kamata ya tsaya a kundin da zai kwanta a laburare ba. A fitar da shafi guda na tambayoyi da Hausa domin ɗakunan shan magani, da ƙaramin ƙamus na kalmomin ciki da gaɓɓai domin makarantun horar da ma'aikatan lafiya da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo.

Kammalawa

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manomin da ya ce cikinsa ne ya sauka a gwiwarsa yana iya kuskuren suna, amma ya nuna wurin da ya kamata a duba. Tsakanin kalmarsa da littafin likita akwai tazarar da a yanzu mai kemis da mai lasifika ne suke cike ta, majinyaci kuma yana biya da ƙodarsa da ƙashinsa. Mu da muka ɗauki nazarin Hausa sana'a mun rubuta da yawa a kan kirarin bokaye da sunayen itatuwa. Bin sawun basir da sanyi da amosani daga bakin majinyaci zuwa ɗakin gwaji zai ƙara wa ilimin ma'ana da na al'ada abin da ba su da shi yanzu, ya kuma ba ma'aikacin lafiya na karkara tambayoyin da zai yi gobe da safe.